Maganin da Ya San Hanya

Daren Laraba, Mawashi

Ban gaya wa kowa ba, yau na yi wa likita magana a asibitin Katsina. Na tambaye ta me ya sa maganin ciwon dajin nan ya zubar wa Inna da gashi, ya sa bakinta ya yi gyambo.

Ta ce maganin bai san mai lafiya da marar lafiya ba, kamar feshin da ke ƙone ciyawa har da gero. Amma masana na ƙera wani sinadari, enzayim, su ajiye shi kan ƙwayoyin cutar kaɗai. Maganin zai ratsa jiki yana barci, sai ya iso wurin da sinadarin yake ya farka.

Na ce, "Anti, Inna za ta samu?"

Ta ce, "Ƙanwata, har yanzu gwaji ake."

A motar Kankia Inna ta zungure ni. "Ke da ba ki magana, mi kuka ƙulla da likita?"

Na ce gaisawa muka yi.

Ba zan faɗa mata ba. Na san Inna, za ta fara jira. Ni kaɗai zan jira.