Wa Ya Aiko Ka, Fada?

Longsight, Manchester

Yaya Filibus,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga imel, ka karanta ko ka goge.

Abin da ka yi ran Lahadi da ka zo ya ƙona mini rai. Fada Nentawe, fadan cocinmu, ya hawo bene da mai mai tsarki a hannu don ya yi wa Baba shafewar marasa lafiya, ka tare shi a matakala ka ce masa shi ba fada ba ne. Haba Yaya! Har maƙwabciyata Dokta Ruƙayya, Musulma, sai da ta leƙo, kunya kamar in nutse.

Likita ta ce kwanakin Baba sun ƙarato. Mutumin da ya tsufa yana aikin katekis, yana koyar da addini a ƙauyukan Malumfashi, yana raka fada da keke wajen masu jinya, shi ne zai tafi ba shafewa? Ka ba ni amsa.

Ƙanwarka,
Alisabatu

Handsworth, Birmingham

Ƙanwata Alisabatu,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Ina gaida Baba da jiki.

Ba ƙiyayya ta sa na yi haka ba. Na yi karatu mai zurfi, na tabbata kujerar Bitrus, wato ta Paparoma, babu kowa a kanta tun da aka sauya tsarin ibadar Misa. Wanda kuke kira Paparoma ba Paparoma ba ne, kuma naɗin waɗanda aka naɗa da sabon tsari abin shakka ne. Ba zan sa ran mahaifina a kan shakka ba.

Fadanmu, wanda ke zuwa daga Faransa yana yi mana Misa da Latin, zai iso ƙarshen wata. Ya yarda zai je wurin Baba. Ni ne babba, ina roƙonki ki yi mini alkawari za ki jira shi.

Yayanki cikin Kristi,
Filibus

Longsight

Yaya,

Ina gaisuwa. Wai ka yi karatu! Kai da na sani da gyaran tukunyar ɗumama gida, yau kai ne mai sauke Paparoma daga ɗakinka? Idan kowa zai buɗe intanet ya yanke wa kansa hukunci, me ya raba ka da masu ɓallewa daga coci, waɗanda kake zagi?

Amma kai ne babba. Na yi alkawari, zan jira. Allah ya sa Baba ma ya jira.

Alisabatu

Longsight

Yaya Filibus,

Barka da aiki, tunda aikin ya hana ka zuwa. Fadanku ya zo jiya, bari ka ji yadda aka yi.

Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai natsuwa, har takalmi ya cire a ƙofa. Ya zauna gefen gado, ya ce kafin ya shafe Baba, sai Baba ya furta cewa ya fita daga bin Paparoman ƙarya, ya kuma tuba da koyar da sabuwar Misa. Ni nake fassarawa. Wato duk tafiyar keken nan, duk yaran da ya koya wa katekisim a gindin ɗorawa, so yake Baba ya ce ɓata ne.

Baba ya rufe ido, na ɗauka barci ya kwashe shi. Can sai ya ce, "Tambaye shi, wa ya aiko shi?"

Ka san tambayar. Ko katekis baƙo ne ya shigo ƙauye da wa'azi, Baba ba ya ba shi kujera sai ya faɗi fadan da ya turo shi, da bishop ɗin da ya turo fadan.

Fadanku ya ce a wannan zamani babu sauran mai aikowa, larura ce ta aiko shi. Baba ya ce, "Ba shi ruwa ya sha, ya yi tafiya mai nisa." Ya juya fuskarsa bango. Mutumin ya mayar da mansa jaka ya sauka.

Na ɗauki waya zan kira Fada Nentawe, Baba ya hana ni. Ya ce ba za a shigo masa da fada a bayan idon ɗansa ba, wanda ya kore shi shi zai je ya ɗauko shi. Na yi kuka, na roƙe shi, ya ƙi. Taurin kanku ɗaya, wallahi kun gajiyar da ni.

Tun safe ko kunu bai sha ba. Nas ta ce mu kira dangi. Ina jin tsoro, Yaya.

Ƙanwarka,
Alisabatu

Birmingham

Alisabatu,

Na kira Fadanmu. Ya ce idan na kai wa Baba wancan fadan, kada in ƙara zuwa karɓar Jibin Ubangiji a hannunsa. Na ce wa zan kai wa ƙara? Ya ce babu.

Kada ki ɗauka na sauya ra'ayi. Har yanzu kujerar nan babu kowa nake ganinta, kuma ban san abin da zan gaya wa Allah ba.

Ina tashar jirgin ƙasa ta New Street, jirgin ya kusa tashi. Turo mini adireshin gidan Fada Nentawe. Ki sunkuya kusa da kunnen Baba ki ce masa ya jira ni. Idan Fada ya tambaye ni wa ya aiko ni, zan ce ubana.

Filibus