Khairunnisa, Ni Ne Birtaniya Ko Jamus?

Ya Khairunnisa, sanyin idona, inuwata a zafin unguwar Deira, ruwan randa ga mai ƙishi! Gaisuwa irin ta wanda kansa ya ɗaure.

Kin tuna ranar Asabar a cikin abra, kwale-kwalen da ya tsallaka da mu daga unguwar Al Buteen? Na tambaye ki wa za ki zaɓa shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Kano mazauna nan ƙasar waje, ni ko yayanki, Yaya Sanda. Kika gyara mayafi, kika ce ke Ayalan ce, ƙasar da ta ƙi shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Wayyo, son malamar tarihi akwai wahala! Na koma ofis, nan take na hau karatu.

Karatun ma ƙara rikita ni ya yi. Ashe Ayalan tana jin haushin Birtaniya saboda tsohon mulki, amma a ɓoye tana ba ta labarin yanayin sama. Kuma ita ce ta je wa Jamusawa ta'aziyya da shugabansu ya mutu! To, wane ne ni a cikinsu? Ke kika raɗa mini cewa 'yan unguwar Hor Al Anz suna bayana. Ke ɗin dai kika dafa zoɓon taron Yaya Sanda, har da kanumfari. Wannan wane irin tsaka-tsaki ne, ya hasken raina?

Yayanki ya rantse in ban janye kafin Juma'a ba, ba zai kai maganar aurenmu gaban Babanku ba. Mutane sun ba ni amana, ina jin kunyar juya musu baya. Amma tsoron rasa ki ya fi, wallahi ya fi. Na rubuta takardar janyewa sau uku, na yaga biyu, ta ukun tana aljihuna.

Ki taimake ni da kalma ɗaya. Na karanta cewa matuƙan jiragen yaƙi da suka faɗo a Ayalan, daga baya 'yan Birtaniya ake sallama su koma gida, Jamusawa kuwa a tsare su har yaƙi ya ƙare. Jirgina ya faɗo a gonarki, Khairunnisa. Don Allah kada ki yi mini kirkin sallama. Ki tsare ni.

Naki, na ci zaɓe ko na janye, har ƙarshen numfashi,
Izzuddeen