Saƙon Turaren Wuta

Babura

Yaya Kyari,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Direba na ba wa takardar nan da hannu, don yanzu ko tari ba na yi kusa da waya.

Mutanen ofishinku na tsaro sun ɗauke mijina Halliru daga shagonsa na gyaran waya. Wai yana saka wa 'yan Nijar manhajar da ke kulle saƙo, wai hakan fitar da kayan sirri ne ƙetare. Manhajar da kowa ke da ita fa! Hujjarsu wani saƙo ne a wayarsa da suka kasa karantawa. Yaya, ni na rubuta shi da wayarsa. Barbarci ne, yaren gidanmu. Gwaggo Zulaikha ta Magarya, can Nijar, nake koya wa haɗin turaren wuta. Ka duba ka faɗa musu, don Allah. Yara sai tambayar babansu suke.

Ƙanwarka,
Aisa

Kazaure

Ƙanwata Aisa,

Wa'alaikumus salam. Na samu saƙonki, Allah ya kawo sauƙi.

Al'amarin ya fi ƙarfina. An riga an sanar da na sama cewa an kama saƙon sirri a bakin iyaka, an kuma kafa kwamitin warware shi. Aikin gwamnati yana da tsari, ba a tsallake shi. Ki ƙara haƙuri, ki daina rubuto min irin wannan. Ki ƙona wannan bayan kin karanta.

Yayanki,
Kyari

Babura

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban ƙona ba.

Direban ya ce ya ga sabuwar mota fil a ƙofar ofishinku, wai ta kwamiti ce. Ya ce kuma kai ne sakatare. Ashe! Kai da Iya ta goya da Barbarci, kai ne kake zama kullum ana shan shayi kuna "warware" hawi da sandal, kayan haɗin turare? Na gane, ranar da aka karanta saƙon nan, ranar kwamiti ya mutu. Shi ya sa mijina yake kwana a siminti. Wallahi na ji kunya, Yaya, kuma na fara tsoronka.

Ranar Litinin zan zo da Iya. Za ta gaishe ka da yarenmu a gaban oganka, mu ga ko za ka amsa wa mahaifiyarka.

Ka huta lafiya,
Aisa

Kazaure

Aisa,

Salam. Kada ki wahalar da Iya. Na karanta musu, tun daga jiƙa hawi har zuba suga. Halliru ne zai miƙa miki wannan takarda.

Motar tana nan. An kafa sabon kwamiti, zai binciki yadda aka yi na iya karanta saƙon.

Ku sa ni a addu'a.
Kyari