Kwalbar Mansur

Shisha, Makka,
4 ga Rajab.

Zuwa ga Rahmatu,

Gaisuwa mai yawa da begen ganinki. Yaya jikin Inna, yaya 'yarmu Maijidda? Ina fata ta fara rarrafe.

Akwai maganar da bakina ya kasa faɗa a waya, shi ya sa na ba Alhaji Yari wannan takarda tunda ya gama Umra. Na ce miki ni direban ɗakin gwaji ne. To, rabin gaskiyar ke nan. Kullum da safe nake ɗaga murfin kwatar unguwa, in zura kwalba da igiya, in ɗebo ruwan masai. Rahmatu, warin nan har a harshe nake jinsa. Kyankyasai su yi ta hawa takalmina, ni kuma ina riƙe numfashi. Wanka uku nake yi kafin Azahar, duk da haka ƙyamar kaina nake ji in na ɗaga hannu zan yi kabbara.

Shugabarmu, Daktora Suhaila, ta ce a ruwan nan suke gano ƙwayar rota mai sa yara gudawa, har su san irinta tun kafin asibiti ya cika. Ita dai tana bayan gilashi da safar hannu.

Kabo, abokin nan nawa mai gasa tsire a unguwar Mansur, ya gan ni a bakin kwata. Tun ranar, in na je cin abinci gidansa, sai a zuba mini nawa a kwano daban. Shekara guda muna cin tire ɗaya. Na daina zuwa.

Don Allah kada Inna ta ji wannan sana'a.

Mijinki,
Ja'afar.

Shisha, Makka,
27 ga Rajab.

Rahmatu,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, ko da yake saƙonki ya hana ni sukuni. Tun jiya nake kiran wayarki ba ta shiga, don haka na turo hoton wasiƙar nan ta wayar ƙaninki.

Mako biyu da suka wuce Daktora ta ce kwalbar da na ɗebo a Mansur ta cika da ƙwayar, mu gargaɗi duk mai jariri da muka sani. Na san 'yar Kabo, Rim, tana zawo. Na san matarsa ta ce haƙori ne ke fitowa, jiƙo kawai take ba ta. Sai na tuna kwanon nan, na ce mai warin masai ba zai je yi musu wa'azi ba. Na yi shiru.

Shekaranjiya muka binne Rim. Watanta tara, sa'ar Maijidda. A wurin gaisuwa Kabo ya jawo ni tirensu da hannunsa, na kasa haɗiye ko loma ɗaya. Duk ƙazantar da na ɗebo a garin nan ba ta ba ni ƙyama kamar shirun da na yi ba.

Kin ce Maijidda kwana biyu tana zawo da amai, Inna ta ce haƙori ne. Goya ta yanzu ki kai ta asibiti, kina ba ta ruwan gishiri da sukari a hanya. In Inna ta tambayi inda na samo ilimin likita, karanta mata wasiƙata ta farko, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Ki gaishe ta. Ina riƙe da waya.

Mijinki mai ɗibar ruwan kwata,
Ja'afar.