Dokar Awa Goma Tana Matakin Karatu na Biyu

London, 15 ga Mayu, 1846

Maiɗakina Tabitha,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya 'yarmu Keziah da aikin masaƙa? Ki gaishe mini da abokan aikin da suka turo ni.

Ni lafiya lau nake. Tarin nan da nake yi hayaƙin gari ne kawai, kowa yana yi, kada ki sa shi a rai.

Ƙudurin rage aikin mata da yara zuwa awa goma a rana yana nan a karatu na biyu. Shekaranjiya majalisa ta yi ta magana, ta sake ɗage shi zuwa makon gobe. In ya tsallake sai kwamiti, sai karatu na uku, sannan majalisar manya ta ɗauko shi daga farko. Na ce miki sati biyu zan yi, ga ni a na biyar.

Kullum ina bakin ƙofar majalisa ina tare wakilai. Wani mai doguwar hula ya ce mini, "Malam, mu ma nan mukan yi awa goma sha biyu." Na ce, "Ranka ya daɗe, a zaune kuke yi, kuma babu ɗan shekara sha huɗu a cikinku." Ya yi dariya, amma bai yi alkawarin ƙuri'a ba.

In kin sami mai zuwa, ki aiko mini da safar ulu da gurasarki. Ta nan ba ta da ɗanɗano.

Da na zauna cin abinci sai in tuna yadda barci ke kwashe Keziah da cokali a hannu. Burina in dawo mu gama kwano ɗaya tare, idonta biyu.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mijinki,
Enoch