Ku Bar Mahaifina Ya Ci Abinci Da Baƙonsa

Zuwa ga Shugabar gidan kula da tsofaffin da mahaifina yake ciki, a nan Dubai.

Assalamu alaikum.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da likitocinki da sauran ma'aikata. Sunana Rabi. Ni ce 'yar fari ga Alhaji Sule, dattijon nan ɗan Nijeriya da ke ɗakin ƙarshe a bene, wanda ma'aikatanku suka fi sani da "mai ƙin abinci". A kan wannan sunan nake rubuto miki, domin mahaifina bai taɓa ƙin abinci ba, kuma yunwa tana cinye shi a gidanku ina kallo.

Na rubuto miki da Turanci, na zo ofishinki da ƙafata, an ba ni shayi, an ce za a duba. Wannan karon da Hausa na rubuta, zan kuma sa ta inda mutanenmu na Deira da Bur Dubai za su karanta, don ba Baba kaɗai ne ya tsufa a garin nan ba, kuma gobe wata za ta tsaya inda na tsaya tana neman inda za ta kai nata. Fassarar tana kan teburinki. Ban ambaci sunan gidanku ba, kuma ba kara na yi muku ba. Mahaifina yana hannunku ne.

Bari in fara da gaya miki wanda kuke riƙe da shi. Baba mai masauki ne. Tun ina ƙarama gidanmu na kusa da unguwar Port Saeed a Deira ba ya rabo da 'yan kasuwar Kano da suka zo sarin kaya. Shi ke tarbo su, ya raka su kasuwar yadi, ya tsaya musu har a rufe kwantena. Idan azahar ta yi, mahaifiyata, Allah ya jiƙan ta, takan aiko da babban faranti, a shimfiɗa leda a falo, maza su kewaye. Baba ba ya sa hannu sai baƙon da ya fi kowa kunya ya kai loma. Idan wani ya makara a kasuwa, shi zai zauna jiransa, abinci ya huce, Mama tana faɗa daga ciki tana cewa wata rana sai an tsinci mutumin nan a sume saboda wani mai sarin takalma. Mu mata a ciki muke ci. Ni kuwa da nake 'yar fari, ko sunana ba ya faɗa, sai dai "ke yarinya", balle a kai ga cin abinci tare. Haka aka yi mana tarbiyya, kuma ban taɓa jin an ƙware ni ba.

Gigin tsufa ya shigo masa a hankali. Larabcin kasuwa ya fara tafiya, Turanci ya bi, sunayen mutane suka bi. Wata rana a tsakiyar zafi ya fita da rana tsaka, sai a bakin ruwa aka same shi, inda jiragen katako suke lodi, yana tambayar leburori kayan wani baƙo da ya daɗe da rasuwa. A asibiti ya farfaɗo. Ni a kamfanin sufurin kaya nake aiki a Al Quoz, da sassafe nake fita, kuma a kan bizata yake zaune. Na ɗauko mai zama da shi, kullum sai ya sallame shi ya sulale. Na kai shi Kano wurin ƙanina, ya rungume jakarsa a bakin ƙofa yana tambayar yaushe za a koma gida, dangi kuma suka koma maganar sammu, aka ajiye maganin zuciyarsa gefe. Na dawo da shi. Na faɗi wannan ne don masu cewa na zama Baturiya na kai ubana gidan tsofaffi. Na ji, an faɗa a kunnena a wurin suna, ban kuma mayar wa kowa ba.

Na zagaya gidaje irin naku kafin in zaɓa. Na duba banɗaki ko akwai abin dafawa, na duba ƙofa ko mai yawo zai iya buɗe ta, na shinshina zanin gado, na kalli fuskokin masu jinya idan ba su san ana kallonsu ba. Naku ya fi kwanta mini. Akwai tsafta, akwai ɗan lambu, akwai alamar alƙibla a rufin ɗaki. Ke da kanki kika riƙe hannuna kika ce in kwantar da hankalina, iyaye kuke karɓa a gidan nan. A ranar na gaya miki cewa Baba ba ya cin abinci shi kaɗai, kuma ba ya fara ci sai wani ya fara. Kika yi murmushi kika ce duk tsofaffi suna son hira. Ranki ya daɗe, ba maganar hira nake yi ba.

Ga abubuwan da suka biyo baya, ina kuma roƙon a gyara mini idan na yi ƙari.

Na ɗaya. Gidanku yana da dokar rufe ƙofa ga masu ziyara a lokacin cin abinci. An ce don tsofaffi su natsu ne, kada hayaniya ta ɗauke musu hankali. Wataƙila tana amfanin wasu, ban musa ba. Amma ga mahaifina, kun zaɓi daidai lokacin da yake jiran baƙo kuka rufe ƙofa. Ba a nuna mini wannan dokar ba sai bayan ya kwana a gidan.

Na biyu. Da farko a ɗakin cin abinci na kowa da kowa kuke zaunar da shi, kowa da tirensa a gabansa. Baba ya riƙa tura nasa gaban wani dattijon da ke kusa da shi, mai ciwon sukari. Maimakon a tambayi dalili, sai aka ce yana jefa wasu cikin haɗari, aka mayar da shi cin abinci a ɗakinsa, shi da bango. Wata nas ta gaya mini abin da yake yi. Idan an ajiye tire, sai ya tura shi wajen ƙofa ya yi wata magana da ba ta fahimta. Ta ce masa da Larabci "Yalla Baba, shwaiya shwaiya," wato ya daure ya ci kaɗan-kaɗan, ya girgiza kai, lokaci ya cika, a ɗauke. Na roƙe ta ta maimaita mini abin da yake faɗa, ta kwaikwaya yadda ta iya. Cewa yake yi: "A kai wa baƙi." Na fito na zauna a mota na kasa tayar da ita.

Na uku. Alhaji Garba abokin Baba ne tun zuwansu garin nan, shi ma ƙafa ta fara ba shi wahala. Wata Juma'a bayan masallaci ya hau abra, kwalekwalen haya, ya tsallako ruwa, ya ɗauki tasi, ya zo da kular tuwon shinkafa da miyar kuka. A bakin ƙofa aka tare shi, aka ce ba a shiga da abincin waje. Ya ce to a riƙe kular, zai ci naku, shi dai a bar shi ya zauna da abokinsa. Aka ce lokacin cin abinci ne, ba a ziyara. Dattijo mai furfura ya tsaya a inuwar wurin ajiye motoci da kula a hannu, ya kira ni ya ce: "Rabi, kalas, shi ke nan, na gaji. Mutumin da ya ciyar da rabin Kantin Kwari yau an hana shi abokin ci." Ya koma da tuwonsa.

Na huɗu. Yanzu kun ce ramar ta yi yawa, kuna son in sa hannu a zura masa robar abinci ta hanci a zaman likitoci mai zuwa. Na ga ramar. Agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu, zoben azurfarsa yana jakata don ya daina zama a yatsa. Amma likitanku da bakinsa ya ce maƙogwaronsa lafiya yake, yana iya haɗiya. Ya kuma ce tsofaffi irinsa sukan fizge robar, don haka a wasu lokuta sai an ɗaure musu hannu. Wato hannun da ya ƙare rayuwarsa yana miƙa wa mutane abinci shi za a ɗaure a jikin gado, alhali ba a taɓa gwada zaunar da mutum ɗaya a gabansa ba.

Ba na zargin masu jinyarsa. Suna yi masa wanka, suna yanke masa farce, suna kiransa Baba, kuma abin da aka ce su yi suke yi. Da ke nake magana, don ke ce mai dokar.

Saura abu ɗaya, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake na so a ce tsakanina da Allah zai tsaya.

Wata ranar Asabar bayan la'asar, lokacin ziyara, na shiga na yi sallama. Ya daɗe da daina gane ni, na kuma saba. Amma ranar fuskarsa ta washe, ya gyara zama ya ce: "Maraba, Hajiya. Daga Kano? Kin sha hanya." Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da gurasar da kuke ba su da safe, ta bushe ta kakkarye, da 'yan dabino. Ashe tarawa yake yi. Ya shimfiɗa hankicinsa a kan gado tsakaninmu, ya jera su, ya ce: "Bismillah. Ba yawa, a yi haƙuri."

Hannuna ya ƙi ɗaguwa. Na girma, na yi aure, na haihu, ban taɓa cin abinci a gaban mahaifina ba. Amma na ga yadda yake kallon hannuna, sai na ɗauki gutsuren gurasa na sa a baki. Ya jira har na haɗiye. Sannan ya ce bismillah, ya ɗauka ya ci. Ya ci dabino, ya nemi ruwa, ya ƙara gurasa. Yana ci yana tambayata farashin shadda da ko an yi ruwa a gida, ina amsawa hawaye yana shiga bakina. Har sunana ya tambaya. Na ce Rabi. Ya ce: "Rabi. Suna mai kyau." Wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakinsa, kuma sai da ya manta ni na samu.

Da gudu na zo ofishinki ranar, ina murna, na ce ga shaida, ya ci, mutum kawai yake buƙata. Kika saurare ni, kika rubuta. Abin da ya fito daga wannan rubutun shi ne umarnin a riƙa laluba aljihunsa bayan kowane abinci, saboda ɓoye abinci yana jawo ƙwari da ciwon ciki.

Da na koma mako na gaba, ya sake yi mini maraba, ya shimfiɗa hankici, ya sa hannu a aljihun dama. Ya sa a na hagu. Ya cire hularsa ya duba ciki. Ya daɗe yana lalube, sannan ya sunkuyar da kai ya ce: "Hajiya, ki yafe ni. Yau gidan babu komai." Ban taɓa ganin kukan mahaifina ba, ko ranar da aka ɗauki Mama. Ranar na gani. Ya juya fuskarsa ga bango don kunya, bai sake kallona ba har aka ce lokaci ya cika. Ni na kawo muku labarin, ranki ya daɗe, da bakina, don na ɗauka taimako za a yi.

Ga abin da nake roƙo.

A jingine maganar roba. Ba zan sa hannu ba sai an gwada abin da ke ƙasa, idan kuma an gwada bai ci ba, zan zo da kaina in sa, ba sai an kira ni ba.

A buɗe ƙofa ga mutum ɗaya a lokacin abincinsa. Na yi magana da wurin aikina, za su bar ni in riƙa fita da rana. Alhaji Garba ya ce Juma'a tasa ce. Wasu daga cikin waɗanda suka taɓa kwana a falonmu sun ce a sa su a layi. Ba za mu shigo da komai ba, naku za mu ci, za mu wanke hannu yadda kuka ce, a ɗakinsa za mu zauna ba mu dami kowa ba. A zuba a faranti ɗaya kawai, a bar mu mu fara.

A riƙa gaya wa duk mai neman gurbi wannan dokar tun kafin ya kawo nasa. Ku kuma 'yan uwana da za ku je duba irin waɗannan gidaje, ku je da azahar, ku ce a nuna muku yadda ake cin abinci da wanda ake bari ya zauna.

Na ƙarshe, ko da kin ƙi duk na sama, ki ba da umarni a daina laluba aljihunsa. Idan ƙwari ake tsoro, a ba shi sabuwar gurasa da dabino kafin lokacin ziyara, ni zan cinye a gabansa, in kakkaɓe rigar da hannuna. Ranar Asabar zan zo, zai kuma shimfiɗa hankicinsa. Don girman Allah kada ya sake lalubawa ya rasa.

Allah ya saka wa masu jinyarsa da alheri. Allah ya ba ki ikon yin adalci ga waɗanda ba sa iya faɗin abin da ke damunsu. Allah ya ja kwananki cikin lafiya da cikakken hankali, idan kuma tsufa ya zo miki da nasa, Allah ya sa a sami mai zama a gabanki ya fara kai loma.

Wassalam.

Rabi, 'yar Alhaji Sule
Bur Dubai