Kwalbar Maganin Sakinatu

Dutsin-Ma, 5 ga Yuli, 1965

Zuwa ga Yaya Ummaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Zinariya da yara. Yaya damina a Kurfi?

Yaya, a tsorace nake rubuto maka. Ka san tun da jaririnmu ya koma, Sakinatu ta daina ci, ta daina magana, sai kallon bango. Da rubutu da hayaƙi suka gaza, na kai ta Katsina. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba mu ƙwayoyi a kwalba, ya ce sai an yi makonni ana sha kafin a ga sauƙi. Sannan ya ja ni gefe ya gargaɗe ni kada kwalbar ta zauna a hannunta, domin mai wannan ciwo yakan cuci kansa, musamman in ƙarfi ya fara dawo masa.

Jiya mahaifiyarta, Inno, ta zo ta tafi da ita Kurfi. Ka san tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da Inno ba. Na durƙusa a zaure, kaina a ƙasa, maganar tana bakina, kunya ta hana ni. Sai da motarsu ta tashi na duba aljihun rigata da ke rataye, babu kwalba. Don Allah ka tura Zinariya ta karɓo ta da dabara.

Naka ƙane,
Hudu

Dutsin-Ma, 8 ga Yuli, 1965

Yaya Ummaru,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Takardarka ta iso, ta ƙara tsinka mini zuciya. Ka ce Zinariya ta laluba kayan Sakinatu kaf ba ta ga komai ba, ta tambaye ta kuma ta yi shiru. Ka ce har Sakinatu ta fara shara da daka, kuna murna. Yaya, lokacin da likita ya faɗa ke nan. Duk wanda ya yi sallama a ƙofata sai in zaci mugun labari ya kawo. Gobe zan hau keke in zo, a ce da ni marar kunya.

Naka,
Hudu

Dutsin-Ma, 10 ga Yuli, 1965

Yaya Ummaru,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yafe mini, na zo kana gona, na juyo ban jira ka ba.

Na shiga har tsakar gida na faɗa wa Inno komai. Ba ta dube ni ba. Sai ta kwance bakin zanenta, ga kwalbar ɗaure a ciki. Kullum ita ke ba Sakinatu maganin da hannunta. Ta ce ranar da suka iso Sakinatu ta miƙa mata, ta ce, "Inna, riƙe mini, ina tsoron hannuna."

Har yanzu tsoro bai sake ni ba, gaskiya, don ba ta warke ba. Amma ka duba, Yaya: ni mai lafiya na kasa buɗe baki, ita da ke cikin ciwon ta faɗa.

Da zan fito Sakinatu ta tambaye ni ko na ci abinci. Wata uku rabon da ta tambaye ni wani abu.

Ka gaida Zinariya, Allah ya saka mata.

Ƙanenka,
Hudu